Bindigar Aro

A ɗakin kakana, cikin wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, akwai wani tsohon akwatin katako wanda tun da muka buɗe ido muka tarar ana ajiye irin gero da na wake a cikinsa. A jikinsa akwai rubutu da baƙin fenti, har ya fara dushewa. Ba boko ba ne irin wanda aka koya mana a firamare, ba kuma ajami ba ne. Wani baƙin kamar an kifa kujera, wani kamar harafin R ya juya mana ƙeya. Muna yara mun ɗauka wani hatimi ne na korar ɓera. Sai da na zo jami'a na ga irin wannan rubutu a wani littafi, sa'an nan na gane ashe rubutun Rashawa ne, akwatin kuwa na harsashi ne. Kakan nawa tsohon soja ne, har yau mutanen gari Kofur suke ce masa, kuma da wannan akwati ya dawo gida bayan an gama yaƙin basasar Nijeriya cikin 1970.

Da na koma hutu sai na zauna kusa da shi bayan sallar la'asar, na ce, "Kaka, ka kuwa san mutanen da suka yi akwatin nan naka?"

Ya ce, "Ina fa na san su? An dai ce mana waɗansu Turawa ne da ba su yarda akwai Allah ba, amma suna ƙaunarmu."

Na ce, "To, su mutanen Ojukwu fa, wa ya ba su nasu?"

Ya ce, "Waɗansu Turawan ne daban, su kuma su suke ƙauna." Ya yi shiru, can sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Kai ja'iri, ni dai ban taɓa ganin ƙauna mai yawan gawa irin wannan ba."

Wannan magana ta tsoho ita ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin wannan 'yar maƙala da nake gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai. Idan 'yan gida ɗaya suka zare wa juna takobi, sa'an nan waɗansu manya na waje, waɗanda dama ba sa ga maciji da juna, kowanne ya zo ya tsaya bayan ɗaya yana miƙa masa makami, mene ne rabonsu a cikin jinin da aka zubar? Mu kuma da muka miƙa hannu muka karɓa, mene ne namu? Ni ba masanin tarihi ba ne, ba kuma malamin fiƙihu ba, jikan mai akwati ne kurum, saboda haka in na yi tuntuɓe a gyara mini.

Ita kanta kalmar basasa tana da labari. Malamai na cewa daga Larabci muka aro ta, daga yaƙin Basus, wanda ƙabilun Bakar da Taglib, dangin juna, suka shafe shekara 40 suna gwabzawa tun kafin zuwan Musulunci, a kan taguwa guda. Hausawa sun laƙaba wa yaƙin da aka yi a Kano daga 1893 zuwa 1895 wannan suna, zan kuwa dawo kansa nan gaba. Watau tun a cikin sunan akwai ishara cewa irin wannan yaƙi ba ya saurin mutuwa.

Bari mu fara da wanda kakana ya gani da idonsa. Ran 30 ga Mayu, 1967, Laftanar-Kanar Odumegwu Ojukwu ya yi shelar cewa yankin Gabas ya ɓalle, ya zama ƙasar Biyafara. Ran 6 ga Yuli aka fara harbi. A lokacin sojan Nijeriya duka-duka wajen 10,000 ne, kafin a gama kuwa sun kai wajen 250,000. A cikin wannan ambaliya aka kwashi samari daga ko'ina, har da na ƙauyukanmu, waɗanda a sa'an nan suke cikin sabuwar Jihar Kano. Mutane muna da su, makamai ne babu. Ban da 'yar masana'antar bindigogi da ke Kaduna, ba ma ƙera kome na yaƙi. Gwamnatin Yakubu Gowon ta nufi Ingila, uwargijiyar jiya. Gwamnatin Harold Wilson ta ba da motocin sulke irin su Saladin da Ferret, da bindigogi da harsasai, amma ta hana jiragen yaƙi. Amurka ta ce ita ba ta sayar wa kowa. Sai Ikko ta juya wajen Rasha, Rasha kuwa kamar dama jira take. Cikin watan Agusta na 1967 aka fara sauke jiragen yaƙi samfurin MiG a filin jirgin saman Kano, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba daga Kazaure, aka kuma samo matuƙa daga Masar.

Mai karatu zai lura da abin mamaki a nan. Ingila da Rasha, waɗanda a ko'ina cikin duniya suke hararar juna a zamanin yaƙin cacar baka, sai ga su a sahu ɗaya. Amma fa ba shiryawa suka yi ba. Ingila tana da rijiyoyin mai na kamfanin Shell-BP da za ta tsare, tana kuma tsoron in ta ja baya Rasha ta gaje mata kujera. Rasha kuwa wurin sa ƙafa take nema a Afirka ta Yamma. Sai suka zama kamar kishiyoyi biyu masu rige-rigen kai wa maigida akushi, kowace tana ƙara nama don kada a yaba miyar ɗayar. Naman nan kuwa harsashi ne.

A ɗaya gefen ga Faransa ta Janar de Gaulle. Faransa ba ta jin daɗin ganin ƙatuwar ƙasa mai magana da Ingilishi a tsakiyar ƙananan ƙasashen da ta raina. Ba ta kuma manta ba cewa cikin Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Ikko, saboda gwajin bom ɗin nukiliya da ta yi a hamadar Sahara. Ran 31 ga Yuli, 1968, gwamnatin Faransa ta fito fili ta ce mutanen Biyafara suna da haƙƙin zaɓar wa kansu makoma. Daga nan makamai suka riƙa bi ta Gabon da Kwaddibuwa, jirage na tashi da dare suna sauka a Uli, inda aka faɗaɗa wani titin mota aka mai da shi filin jirgi. Fotugal, wadda a lokacin take yaƙar masu neman 'yanci a ƙasashen Afirka da take mulka, ita ma ta buɗe wa Biyafara ƙofa. Sin ta goyi bayanta da baki, galibi don ta ɓata wa Rasha rai. Har Julius Nyerere na Tanzaniya, mutumin da ba wanda ke shakkar kishinsa ga Afirka, ya sami kansa a ɓangare ɗaya da Fotugal. Kai, yaƙin nan ya haɗa kura da akuya a turke ɗaya!

Yanzu sai in faɗi laifina. Sa'ad da na fara karanta waɗannan abubuwa, raina ya ɓaci da Faransa ƙwarai, na ce munafuka ce, mai ingiza mai kantu ruwa. Rasha kuwa na ji ina gode mata a zuci, na ce aminiyar ranar wuya ce. Na daɗe a kan haka kafin in tambayi kaina, shin mene ne bambancin akwatin da ke ɗakin kakana da wanda aka sauke a Uli? Dukansu katako ne, dukansu harsashi ne a ciki, dukansu ɗan Nijeriya aka nufa da su. Ashe ma'aunina bai wuce wannan ba: bindigar da bakinta ke kallon wani taimako ce, wadda ke kallona kuwa shisshigi ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na san amsar da za a ba ni, domin ni ma na ba kaina ita. Za a ce ai mu ne halattacciyar gwamnati, su kuwa 'yan tawaye ne, kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta tsaya a bayanmu, ƙasashe huɗu ne kacal na Afirka suka amince da Biyafara. Wannan amsa tana da nauyi, ban yar da ita ba, har gobe ina ganin zaman Nijeriya ƙasa ɗaya shi ne daidai. Amma abin da amsar ta wanke shi ne manufarmu, ba ta wanke zuciyar wanda ya ara mana ba. Faransar da ke kukan 'yancin Biyafara ita ce ta yi yaƙi daga 1954 zuwa 1962 don ta hana mutanen Aljeriya irin wannan 'yanci. Rashar da ke cewa a girmama ikon gwamnatin Ikko ita ce ta tura tankokinta Cekoslobakiya cikin Agustan 1968 ta murƙushe gwamnatin can. Wanda ya duba wannan ya san ba wata aƙida suke bi ba, junansu suke kallo, mu kuwa fili ne.

Abin da ya buɗe mini ido sosai ba littafi ba ne, wata rigima ce ta ƙauyenmu. Waɗansu 'yan'uwa biyu, uba ɗaya, suka yi saɓani a kan wata gonar fadama ta gado. Irin wannan ba baƙon abu ba ne, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Yadda aka saba, za a yi ta hayaniya wata biyu ko uku, a je gaban mai unguwa, a je gaban dagaci, kuɗin mota ya ƙare, damina ta kawo kai, kowa ya ga in bai sassauta ba ba mai shuka, sai dattawa su dasa gamba a tsakani, a yi fatiha. To, a wannan karon sai aka yi rashin sa'a akwai waɗansu attajirai biyu a gari masu gabar siyasa. Ɗaya ya ɗauki wan, ɗaya ya ɗauki ƙanen. Wannan ya biya kuɗin lauya, wancan ya biya na ɗaukaka ƙara. Duk ran da ɗaya ya gaji ya ce shi kam zai haƙura, sai ubangidansa ya kira shi da dare ya ce, "Haba, kada ka ba ni kunya mana, ga wannan ka ƙara." Shekara biyar fadamar nan tana kwance, ba rake ba tumatir. Daga baya attajiran suka shirya, suka koma jam'iyya ɗaya, har muka ga suna cin abinci a faranti ɗaya. Gonar kuwa sayar da ita aka yi aka biya bashi. 'Yan'uwan nan biyu har yanzu ba sa gaisawa.

Abin da na koya daga nan shi ne, faɗa ma yana da ajali, ajalinsa kuwa gajiya ce. Allah ya yi mutum da iyaka: ƙarfinsa na ƙarewa, rumbunsa na ƙarewa, hawayen uwarsa na damunsa. Wannan iyaka rahama ce, domin ita ke tilasta wa maƙiya su zauna a tabarma ɗaya. Babban abin da mai ba da aro daga nesa yake yi shi ne ya ɗage wannan ajali. Yana cika rumbun faɗa, alhali shi ba a ƙona masa zana ko ɗaya ba. Mai faɗa yana biya da ɗansa, mai aro yana biya da abin da ya yi kwantai a sito. Saboda haka ranar da mai faɗa ya ce ya isa, shi mai aro bai ga dalilin tsayawa ba tukuna, tun da kishiyarsa ba ta ji jiki yadda yake so ba.

A duba 1968. Cikin Mayu sojan Tarayya suka kama Fatakwal, Biyafara ta rasa hanyar teku. Cikin Satumba Aba da Owerri suka faɗi. Kakana ya ce a lokacin har an fara ce musu su shirya, a gida za su yi Ƙaramar Salla. A daidai wannan lokaci ne makaman Faransa suka yawaita a Uli. Biyafara ta farfaɗo, har ta ƙwato Owerri cikin Afrilun 1969. Ingila da Rasha su ma suka ƙara nasu. Tsoho ya yi wannan Salla a rami, ya yi ta baɗi ma a rami. Sai ran 15 ga Janairu, 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a Ikko, bayan Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa. A wannan tsakani yunwa ta yi ta cin yara. Masu ƙiyasi sun bambanta, waɗansu su ce rabin miliyan, waɗansu su ce miliyan biyu, amma sun haɗu a kan cewa yawancin mamatan ba soja ba ne. Kada kuwa mu ɗora wa Faransa duka, domin mu muka datse hanyoyin abinci, kuma jiragen da aka sauke a Kano sun jefa bom a kasuwanni. Na rubuta wannan jimla da nauyin zuciya, amma gaskiya ce.

Sai dai akwai wata hujja da ta fi duk waɗannan tsaya mini a wuya, kuma daga bakin tsohon na ji ta. Ya ce wata rana sun kama wani saurayi sojan Biyafara, ƙafa ba takalmi. Suna ta yi masa tambaya da guntun Turancinsu, sai yaron ya amsa da Hausa tsantsa, irin ta Kano. Ashe a Sabon Gari aka haife shi, a can ubansa yake da kanti. Kakana ya ce masa, "To kai da kake ɗan Kano, me ya kai ka wannan?" Yaron ya dube shi ya ce, "Malam, daga Kanon aka koro mu. Ina kake so in je?"

Ba mu da ikon tsallake wannan. Gaskiya ne ran 15 ga Janairu, 1966, an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshinmu, ciwon nan kuwa bai warke ba. Amma gaskiya ne kuma cikin Mayu da Satumba da Oktoba na wannan shekara an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sauran suka tsere Gabas. Mutumin da ya ga haka, ya kuma gaskata cewa in ya ajiye makami yanka shi za a yi, wanda ya ba shi bindiga ya yi zunubi? In na ce duk mai taimakon ɗaya ɓangare a yaƙin basasa azzalumi ne, to na ce ke nan a bar mai ƙarfi ya cinye marar ƙarfi, duniya ta naɗe hannu. Wannan kuwa ba adalci ba ne, ba kuma abin da aka koya mana ke nan ba. A cikin Suratul Hujurati an tsara yadda ake yi in ƙungiyoyi biyu na muminai suka kaure: a fara da sulhu, in ɗaya ta ƙetare iyaka a yaƙe ta har ta dawo, da ta dawo kuma a koma ga sulhu bisa adalci. Watau ba a hana shiga ba, amma sulhu ne a farko, sulhu ne a ƙarshe, kuma an yanka wa yaƙin wurin tsayawa.

Da wannan nake auna su. Wanda ya shiga don ya ceci wani, burinsa abin ya ƙare, kuma a shirye yake ya yi hasara. To, Faransa har aka gama yaƙin ba ta amince da Biyafara a hukumance ba. Ta ba da abin da zai hana ta mutuwa, ba ta ba da abin da zai sa ta tashi ba. Da ta faɗi kuwa, me Faransa ta rasa? Cikin 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna. Rasha ta sami kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajakuta cikin 1979. Ingila ta ci gaba da ɗibar mai. Sun koma faranti ɗaya kamar attajiran garinmu. Ban manta da likitocin Faransa da suka zo suka yi jinyar yara ba, waɗanda daga cikinsu aka sami masu kafa ƙungiyar likitoci ta MSF cikin 1971, ko masu jigilar madara da busasshen kifi. Waɗannan sun sa ransu a hatsari, hukuncinsu daban ne, ko da yake su ma a titin Uli suke sauka cikin dare ɗaya da masu kawo harsashi.

Mu mutanen ƙasar Kazaure ba sai mun je nesa ba kafin mu ga bambancin babban da ya zo rabo da babban da ya zo zuga, domin masarautarmu kanta 'yar sulhu ce. Ɗan Tunku ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a bayan naɗinsa cikin 1819, aka yi ta fafatawa wajen shekara biyar, alhali dukansu mutanen jihadi ɗaya ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana da ikon ya tara rundunar sarakuna ya ce a murƙushe ɗaya. Bai yi haka ba. Cikin 1824 ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure zamanta masarauta mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Sakkwato. Kano ta rasa yanki, amma wutar ta mutu, ga shi shekara 200 ke nan Kazaure da Kano suna zaman maƙwabtaka.

A kwatanta da 1893. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya dage sai an naɗa ɗansa Tukur, duk da cewa an nuna masa yawancin Kanawa ba sa so. 'Ya'yan Abdullahi Maje Ƙarofi suka fice zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, suka sami masu ɗaure musu gindi daga waje, har da Gumel. Sakkwato ta umarci sarakuna su taimaki Tukur. Yusufu ya rasu a Garko, ƙanensa Alu ya karɓi tuta ya shiga Kano cikin 1894, Tukur ya fice, aka kashe shi cikin 1895. Garuruwa sun ƙone, an kama 'ya'ya an sayar. Abin lura shi ne, tun da uban kowa ya zama uban ɓangare ɗaya, ba sauran wanda za a kai wa ƙara, sai takobi. Daga ƙarshe kuma tilas Sakkwato ta amince da Alun da ta ƙi. Ban ce basasa ce ta kawo Nasara ba, amma Faransawa sun ci Damagaram cikin 1899, Ingilishi sun ci Kano cikin 1903, suka kuma ja layin da ya raba Babura da Magarya, ya bar dangi ɗaya rabi a nan rabi a can.

Wannan layi na Babura ya tuna mini da wani mutum da ya kamata a ambata. Shugaba Diori Hamani na Nijar yana ƙarƙashin inuwar Faransa, kuɗin ƙasarsa a ɗaure yake da nata. Duk da haka bai bi de Gaulle a kan Biyafara ba, ya tsaya tare da Ikko, kuma a Yamai aka yi zaman neman sulhu cikin Yulin 1968, har Ojukwu ya halarta. Ahmadu Ahijo na Kamaru shi ma bai bi ba. Wani zai ce ai don kansu suka yi, tun da cinikinsu da danginsu suna nan. Na yarda, wannan ma shi ne zancen. Wanda danninsa ke haɗe da naka, in gobara ta tashi guga yake nema, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Gabon da Kwaddibuwa, da aka bi ta cikinsu da makamai, ba wadda ke da iyakar ƙasa da mu.

Ba a kuwa daɗe ba mu ma muka ɗanɗana kujerar mai aro. Angola ta sami 'yanci ran 11 ga Nuwamba, 1975, tana cikin basasa: Rasha da Kyuba suna bayan MPLA, Amurka da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu suna bayan FNLA da UNITA. Janar Murtala Muhammed ya amince da MPLA, Nijeriya ta ba ta dala miliyan 20, kuma a taron Addis Ababa cikin Janairun 1976 ya ƙi yarda Shugaba Ford na Amurka ya shata wa Afirka abin da za ta yi. Ina alfahari da wannan, ina kuma ganin da sojan wariya a cikin ƙasar ba wani zaɓin. Amma yaƙin bai ƙare ba sai 2002, bayan an kashe Jonas Savimbi, shekaru bayan ita kanta Tarayyar Sobiyat ta ruguje. Masu kunna wutar sun tashi, wutar ta ci gaba da ci da itacen gida.

'Yan jarida suna son kawo karin maganar nan ta giwaye biyu da ciyawa. Ni ba na sonta, domin tana wanke mu fiye da kima. Ciyawa ba ta aika wa giwa goron gayyata. Mu kuwa mun aika, Ikko ta aika, Inugu ta aika, kamar yadda wa da ƙane suka riƙa sallama a ƙofar attajirai da dare. Tamu ta Hausa ta fi gaskiya, wadda ta ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangonmu mu muka tsaga shi cikin 1966, tun kafin jirgi ko ɗaya ya sauka a Kano ko a Uli. Rabon mai aro shi ne tsawon yaƙin, da duk ran da ya salwanta bayan lokacin da gajiya za ta sa a zauna. Rabonmu shi ne farkonsa, da kuma kiran da muka yi. Da na ji labarin yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, inda dubban Hausawa ke zaune tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, ana ta zargin wannan ƙasa da waccan da turo makamai, sai na ce ko can ma akwai yaron da wata rana zai tarar da akwati a ɗakin kakansa.

Ranar da zan dawo makaranta na tambayi tsoho abin da ya sami yaron nan ɗan Sabon Gari. Ya ce sun ba shi garin kwaki da ruwa, ya kwana biyu a wurinsu yana ba su labarin kasuwar Kurmi, sa'an nan mota ta zo ta tafi da fursunoni, bai sake jin ɗuriyarsa ba. Na ce ya ba ni akwatin in kawo jami'a a ajiye, 'yan'uwana ɗalibai su gani. Ya harare ni ya ce, "Ka ji ɗan boko! In ba ka, irin nawa kuma in zuba a ina? Ga damina ta kusa."